Shekarar da Muka Ga Kufan Tama Daga Sama

Ku matso, ƴaƴana da jikokina, ku jawo tabarma kusa, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Na san abin da ake faɗi a gidajenmu idan na ba da baya: wai ni ce na hana Kawunku Ilu taka garin kakanninmu har ya koma ga Allah. Ni ce, kuma a gaban kowa na yi, ban taɓa ɓoyewa ba. Sai dai wanda ya ba ku labarin ƙarshensa kawai ya ba ku, ni kuwa ina wurin tun farkonsa.

Mu maƙera ne, kun sani, ko da yake yau a cikinku akwai mai tuƙi, akwai mai koyarwa a lakwal, makarantar boko ke nan, akwai wanda bai taɓa riƙe awartaki ba. Ni mace ce, ba a ba ni masaba ba, amma a bakin maƙera na girma, nan unguwarmu ta Madarunfa mai kallon tabki. Tun ina ƙarama, daga ƙarar dukan ƙarfe nake gane ko Baba ne ke aiki ko Yaya Ilu, kuma ko hauya ake yi ko lauje. Ban je ko'ina ba a rayuwata. Maraɗi ma sai ciwo ko biki, kuma kafin la'asar hankalina ya koma kan awakina. Abin da na sani na duniya, kunnena ne ya kawo mini shi har ɗaki.

A gidanmu akwai abin da ban ji ana yi a gidan wasu maƙeran ba. Ƙarƙashin uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa, ana binne wani baƙin dutse mai ƙuraje, mai nauyin da ya fi girmansa. Kashin tama ne, abin da ke saura idan an narka dutse an fitar da ƙarfe, irin aikin da kakanni suka yi kafin a fara samun ƙarfen mota a kasuwa. Namu ba na ko'ina ba ne. Daga Kufan Tama aka ɗauko shi, garin da kakanninmu suka baro tun kafin jihadi da nisa, zamanin da ayarin raƙuma ke sauka ya sayi ƙarfensu ya wuce arewa. Duk ɗan da zai buɗe tasa maƙerar, uba zai tono dutsen ya ɓantare masa, shi kuma ya je ya binne a tasa. Ba bauta ba ce, kar wani malami a cikinku ya ɗaga mini gira. Shaida ce cewa wutar nan ɗiyar waccan wuta ce. Baba ya ce a zamanin kakansa dutsen ya kai kan jariri. Aka yi ta ɓantara, ƴan'uwa na garin Safo suka samu, na garin Sarkin Yamma suka samu, waɗanda suka yi Najeriya suka tafi da nasu. Da ya zo hannun Yaya Ilu bai fi goro ba, da ya ba ɗansa na biyu sai ya koma kamar ƙwayar gujiya. Na ƴan'uwa ma duk haka suka koma. Maƙerar gida ta babban ɗa ce, haka ake gadonta. Saura Harisu, autan Yaya, wanda ya fi su duka iya ƙira. Ya yi aure, ya samu fili a Gabi, ya tara gawayi, amma babu abin da za a ɓantare masa. In aka sake dukan dutsen nan, niƙewa zai yi ya zama gari.

Magani ɗaya ne, a koma Kufan Tama a ɗebo wani. To ina Kufan Tama? Babu wanda ya sani. Kakanni sun yi ƙaura a kan ƙaura kafin su zauna bakin tabkin nan, hanya ta ɓace a tsakani. Abin da ya rage mana shi ne kwatancen da Baba ke yi idan yana jiran ƙarfe ya yi ja: gari ne mai ganuwa biyu, ɗaya cikin ɗaya, ƙorama ta rungume shi ta gabas, akwai dutse a arewansa mai tsaga a tsakiya kamar an sara da gatari, sannan a ƙofar yamma tsibin kashin tama ya fi rumbu tsawo. Yaya Ilu ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana tambaya. Duk direban da ya kawo gyara, duk Bafillacen da ya zo sayen wuƙa, sai ya ji kwatancen nan kafin a ba shi kayansa. Wasu su ce sun ga mai kama da shi, sai dai ganuwa ɗaya ce. Wasu su yi dariya.

A shekarar da nake ba ku labari, abu biyu suka haɗu. Idon Yaya ya fara rufewa, likita a Maraɗi ya ce jijiya ce, ba irin wanda ake aiki a kansa ba. Rana yake gani da inuwar mutum, shi ke nan. Sannan ɗiyata Hadiza, da ke karatun tarihi a Yamai, ta zo hutu da ordinatar, kwamfuta ke nan, a jaka. Kwana biyu na farko ina kallonta ta ɗora abin a cinya ta ƙura masa ido, ko tsintsiya ba ta ɗauka.

“Ke da aka tura karatu,” na ce mata, “kin komo mana da telebijin ta cinya?”

“Inna, zo ki ga gidanki.”

“Gidana ina cikinsa, mi zan gani?”

Na je dai. Ta ja yatsa, sai ga tabkinmu kamar an zuba ruwa a faranti, ga hanyar Maraɗi kamar zare. Ta ƙara ja, unguwa ta taso, ga rufin masallaci, ga itacen bedin ƙofar gidanmu, ga rumbuna guda biyu kamar ƙwai. Ta ce hoto ne aka ɗauka daga sama, duniya duka, kowa na iya dubawa. Na gyara ɗankwalina na ce mata to ashe ko a bayan gida ma ba mu tsira ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba ya nuna mutum, kuma tsohon hoto ne, ba na yau ba.

Daga nan bakinta ya buɗe, ni kuwa kun san ba na ƙin hira. Ta nuna mini abin da suke karatu da shi: tsofaffin taswirori da aka ɗauki hotonsu aka zuba a intanet, littattafan malaman da na ajami waɗanda tsutsa ta ci gefensu, ana buɗe su shafi-shafi ba tare da an taɓa ba, hotunan fasassun tukwane da ƙarafan da aka tono a garuruwan da suka mutu tun zamanin daulolin Mali da Sangai. Sai ta ce wani abu da ya sa na ajiye ƙwaryar da ke hannuna. Ta ce ganuwar da ta rushe, in kana tafiya a ƙasa za ka taka ta ba ka sani ba, tudu ne kawai cikin ciyawa. Amma daga sama tana fitowa kamar zobe, kuma da haka masu bincike ke gano tsofaffin birane.

“In guda biyu ce fa, ɗaya cikin ɗaya?”

“Sai ki ga zobe biyu. Mi ya sa, Inna?”

Na zauna na zuba mata kwatancen Baba yadda ya faɗe shi, har da inda yake tsayawa ya yi tari. Ta san labarin dutsen, kowa a gidan ya sani, amma ba ta taɓa jin kwatancen a jere ba, don ita lakwal ta ɗauke ta tun tana ƙarama. Hutun nan duka a kansa ya ƙare. Rezo, sabis ɗin waya ke nan, a unguwarmu sai ya ga dama, wani lokaci sai ta hau amalanken jakin maƙwabta ta ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji. Tana bin ƙoramu ɗaya bayan ɗaya, tana gwada tsohuwar taswira da hoton sama, in ta ga wani abu ta kira ni daga madafa in zo da hannu duk gari. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yawansu. Ashe ƙasar nan cike take da garuruwan da suka mutu. Zobe a nan, zobe a can, wani gero ya cinye rabinsa, wani hanya ta raba shi biyu. Kowanne akwai waɗanda suka yi daka a cikinsa, suka yi faɗa da maƙwabta, suka haihu. Nakan koma wurin tukunyata ina tunaninsu.

Wata rana da hantsi, ana gab da ta koma Yamai, ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Zobe biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Ƙorama ta gabas ta lanƙwasa kamar hannun uwa. A arewa ga dutse da baƙin layi ya ratsa tsakiyarsa. A yamma kuwa wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kamar an zubar da gawayi. Ban san lokacin da na ce “Baba” ba. Aka aika a kira Yaya Ilu, ya zo riƙe da kafaɗar Harisu. Hadiza ta ɗora masa abin a cinya, ya kusantar da fuska har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya daɗe haka.

“Haske dai nake gani,” ya ce. “Rabi, ke ce mai ido yau. Hwaɗa mini.”

Na faɗa masa. Ina faɗi yana ƙarasa mini, don shi ya fi ni sanin abin da ke gabana. Da na zo kan baƙaƙen ɗigon nan sai ya kama gemunsa. Hadiza, Allah ya yi mata albarka, ba ta yaudare shi ba. Ta ce, “Kawu, ya yi kama ƙwarai, amma ba zan rantse ba. Ba wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Sai an je an gani da ido, an tambayi mutanen wurin.” Ya ce ai zuwan shi ne magana, a ina yake? Ta ja hoton baya, zoben ya ƙanƙance, ƙasa ta buɗe, sai muka ga inda yake. Ƙetaren iyaka ne, kudu maso yamma, tsakiyar dajin nan da ba sai na faɗa muku sunansa ba. Da lafiya, mota za ta kai ka kafin azahar. Amma a shekarun nan mutanen ƙauyukan wurin ma sun watse, ƴan bindiga ne ke kwana a ciki. Daga can ake zuwa a kwashe shanun Gabi, a ɗauki mutum a gonarsa. Wurin da Yaya ya nema shekara da shekaru, ashe yana nan kusa, kuma ranar da aka gan shi babu hanya.

A dangi duka mutum ɗaya ne zai iya kai shi: ɗan farina, mai mota. Shi ke jigilar kaya tsakanin kasuwannin iyaka, ya san hanyoyin daji, ya san wa ake gaisarwa a kowane ƙauye. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa faɗinsa ba, sai dai in ce “wancan” ko “mai mota”. Yaya ya same shi a tasha suka yi magana, shi kuma ya ce sai abin da Inna ta ce. Da la'asar suka shigo tare. Yaya ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya rataya ƴar jakar fata da ya ɗinka wa dutsen da zai ɗebo. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

“Rabi, aron ɗanki na zo. Kwana ɗaya.”

“Yaya, ka zauna ka sha hura.”

“Ban zo shan hura ba. Idona saura kaɗan. In ya ruhe duka, ko an kai ni ban je ba.”

“Yanzu ma mi za ka gani?”

“Hannuna zai gani. In na taɓa kashin tama na gidanmu, zan san shi.”

“Yarinyar ma ta ce ba za ta rantse ba.”

“Ke da ba ki taɓa wuce Maraɗi ba, mi kika sani da hanya?”

“Ban san hanya ba. Na san waɗanda suka bi ta, don ni ke zuwa gaisuwa gidajensu. Mi ya sa ba ka ce Harisu ya kai ka ba?”

“Harisu bai san dajin ba.”

“Nawa ya san shi. Shi ya sa na san abin da ke ciki.”

Ya ce mini in tuna ni ma ɗiyar maƙera ce, wutar gidan ubana ce za ta mutu a hannun Harisu. Ya ce Baba da yana raye da ƙafa zai tafi. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Mai mota yana tsaye yana kallon ƙasa. Shi Kawunsa ne ya goye shi a kafaɗa, shi ya ƙera masa ƴar hauyarsa ta farko. Da ya ga tsohon ya fara laluben sandarsa, sai ya ce a hankali, “Inna, ki bari in kai shi. Da sassahe za mu shiga, kahin su tashi mun hito.” Ya kama hannun Kawunsa suka nufi zaure. Ina ji matar mai mota ta daina daka, ga ciki gare ta a lokacin, ga biyu a ƙasa. Na tashi na riga su bakin ƙofa.

“Laminu.”

Kowa a gidan ya juyo. Shi kansa ya waiga kamar wani ake kira.

“Laminu, ban yarda ba. In ka taka dajin nan, ban yarda ba.”

Ya saki hannun Kawunsa. Ya durƙusa nan inda yake. Yaya Ilu ya tsaya yana fuskantar inda muryata ta fito, sannan ya ce, “To, Rabi. Kin kira shi.” Ya lalubi bango ya fita shi kaɗai, bai yarda kowa ya riƙe shi ba.

Tun rasuwar matar Yaya ni ke dama masa furar rana. Washegari na aika, kwanon ya dawo a cike. Haka jibi, haka gata. Damina duka ina damawa ina aikawa, yana dawowa a cike, in zuba wa awaki. Maƙerarsu tana nan kusa, ina jin ƙarar aiki daga tsakar gidana, kuma ina jin babu hannunsa a ciki. Wannan ya fi kwanon ciwo. Mutum ne da tun ina rarrafe bai taɓa kwana biyu bai tsokane ni ba, yana ce mini kunnen unguwa. Da Sallah na je gaishe shi, ya amsa mini kamar yadda ake amsa wa baƙuwa, har da “ina gajiya”.

Sai bayan an gama yankan gero, wata safiya, na ji sanda tana taɓa bangon zaure. Idon ya rufe duka a lokacin. Ya zauna a tabarmar da ya ƙi zama, ya ce ya ji yarinya ta bar mini garin a waya. Gaskiya ne, kafin ta tafi ta sa mini a wayar Laminu ta da, ta koya mini inda zan danna. Na buɗe, ya ce in ɗora yatsansa a kan ganuwa. Yatsan maƙeri ne, kamar icce. Yana taɓawa hoton ya zame, muka tsinci kanmu a tsakiyar wani shuɗin ruwa da ban san ko na wace ƙasa ba ne.

“Ina muke?”

“Yaya, ka kai mu teku.”

“Ke da ba ki son tahiya, ga shi na hitar da ke.”

Muka yi dariyar da ta ƙare da share ido. Na nemo ɗaya hoton, wanda Hadiza ta ɗauka don ya tsaya wuri ɗaya. Na riƙe yatsansa na zagaya da shi ganuwar waje, sannan ta ciki, na bi da shi ƙorama, na hau da shi dutse. Da muka iso ƙofar yamma ya ce in tsaya. Ya danna yatsan a wurin ya daɗe, kamar mai jiran ya ji zafi. Sannan ya ce santsi ne kawai, babu ƙuraje. Ya ce, “Akwai hura?” Daga ranar kullum sai ya zo, mu zagaya garin mu biyu, yana gaya mini inda kasuwa take da inda rijiya take, kamar a can aka haife shi. Maganar dajin bai sake tayar da ita ba, bai kuma taɓa cewa na yi daidai ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

Harisu bai buɗe maƙera ba. Filinsa na Gabi gero ake shukawa. Yana Maraɗi yana waldar ƙofofi a shagon wani, in ya zo yana gaishe ni da ladabi, gaisuwa gajera, ba ya zama. Ba na ganin laifinsa. Laminu kuwa yana nan, gemunsa ya fara fari, cikin nan da matarsa ke ɗauke da shi ranar yanzu yana lakwal. Wasunku da ke sauraron wannan, abincin da kuka ci kuka girma daga motarsa ya fito. Da za a mayar da ni bakin ƙofar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗi. Amma kar ku ɗauka kyauta na same shi.

Bara Hadiza ta zo ta nuna mini an sake ɗaukar hoton wurin. Ana iya ja a ga na da, a ja a ga na yanzu. Ƙorama ta ci wani yanki na ganuwar gabas, itatuwa sun rufe rabin ta ciki. Baƙaƙen ɗigon yamma dai suna nan. Ni da ban taɓa marmarin ko'ina ba, yanzu da tsufana akwai wuri ɗaya a duniya da nake so in taka, in durƙusa in ɗauki dutse ɗaya in ji nauyinsa. Ƙafata ba za ta kai ba, na sani. Daji kuwa ba zai dawwama a hannun mutanen nan ba, wata rana hanya za ta buɗe, manoma su koma gonakinsu. Hoton yana wurin Hadiza, jakar fatar tana rataye a ɗakina. Ranar da hanyar ta buɗe, a cikinku wa zai je ya ɗebo wa Harisu dutsensa?